Gasar keken hawan dutse a hamadar Yuta: a ina ɓarnar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon gasar kekunan hawan dutse da ake yi a hamadar jihar Yuta ta Amurka, sai na ji wai akwai masu fafutukar kare muhalli da ke son gwamnati ta daina ba da izinin yin ta a filayenta. Abin ya ɗaure mini kai. Keke ba shi da inji, ba ya hayaƙi, wurin kuma dutse ne da yashi. Wace ɓarna keke zai yi wa hamada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma da ita zan fara don kada ka ɗauka ina cikin masu ƙin jinin keke. Mutum ɗaya a kan keke, yana bin hanyar da aka riga aka fitar, ƙasa kuma a bushe, ɓarnarsa ba ta fi ta mai tafiya a ƙafa da wani abin a zo a gani ba. Wuri biyu ne na rabu da kai. Na farko, cewar da ka yi wurin dutse ne da yashi kawai. Na biyu, gasa daban, hawan keken mutum ɗaya daban. Gasa tana zuwa da motoci da tantuna da 'yan kallo da gaggawa, kuma su ne ke cin ƙasa, galibi a wajen hanyar da aka shata wa mahaya.

Yawancin filayen da ake wannan jayayya a kansu suna hannun hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da BLM. Tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, faɗin da ya ɗan zarce Nijeriya gaba ɗaya, kuma kusan duka a yammacin ƙasar suke. Dokar 1976 da ta tsara aikinta ta ce fili ne na amfani iri-iri: makiyayi yana da haƙƙi, mai haƙar ma'adinai yana da haƙƙi, haka mai yawon buɗe ido, haka namun daji. Saboda haka hukumar ba za ta ce wa masu keke su tafi ba don kawai wani ba ya son ganinsu. Sai dai duk mai son shirya gasa dole ya nemi takardar izini ta musamman, kuma a kan sharuɗɗan wannan takarda ake fafatawa.

Yanzu mu sauka ƙasa. Idan ka tsaya a wajen garin Mowab, cibiyar wannan wasa a Yuta, ka durƙusa ka dubi abin da ke tsakanin itatuwa, za ka ga ƙasar ba sumul take ba. Baƙa-baƙa ce, mai ƙuraje, wani wuri ta yi tsini-tsini har tsawon ɗan yatsa. Ka ɓalli ɗan guntu ka ɗaga shi sama, za ka ga ƙwayoyin yashi suna reto a jikin wasu zarurruka sirara da ido ke iya gani da ƙyar. Wannan shi ne ɓawon ƙasa mai rai. Zarurrukan na wasu ƙananan halittu ne da masana ke kira sayanobakteriya. Idan ƙasa ta jiƙe sukan yi ta kutsawa tsakanin yashi, suna barin wani abu mai danƙo a bayansu, shi ne ke ɗinke ƙwayoyin yashin wuri guda. Bayan shekaru sai gansakuka da wani tsiro mai mannewa da ake kira liken su zo su zauna a kai, ɓawon ya ƙara kauri da duhu. A tudun Kolorado, inda Mowab yake, wannan ɓawo yakan kai kashi 70 cikin ɗari na duk wani abu mai rai da ya rufe ƙasa. Wato abin da kai da ni muke kallo a matsayin fili fetal, shi ne babban mazaunin wurin.

Aikinsa uku ne masu girma. Yana hana iska da ruwa kwashe ƙasa. Yana riƙe laima a wurin da ruwan shekara kimanin milimita 230 ne kacal, ƙasa da abin da Damagaram ke samu. Wasu daga cikin halittunsa kuma suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki, a ƙasar da ba ta da wata hanyar samun taki mai yawa. Ba a Amurka kaɗai yake ba. Oumarou Malam Issa, masanin ƙasa ɗan Nijar, ya yi bincike a kan irin wannan ɓawo a dajin yammacin Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, don haka wanda ya taɓa lura da baƙin ɓawon da ke rufe saurar da ta daɗe ba a noma ba ya san ɗan'uwansa.

Rauninsa shi ne ba ya jure nauyi idan ya bushe, kuma a bushe yake kusan kullum. Taku ɗaya ya isa ya farfasa shi. Taya ta fi takalmi illa ta wata fuska, domin sawun ƙafa rami-rami ne a warwatse, sawun taya kuwa layi ne miƙaƙƙe marar yankewa. Idan layin ya bi gangare, ruwan sama na farko zai same shi a shirye, ya bi shi, ya zurfafa shi, a hankali ya zama kwazazzabo. Yashin da ya kuɓuce daga inda aka fasa kuma iska takan watsa shi a kan lafiyayyen ɓawon da ke gefe, ta binne shi, shi kuwa ba ya rayuwa sai da hasken rana. Ka ga ɓarnar tana yaɗuwa har inda taya ba ta taka ba.

Jayne Belnap, wadda ta shafe shekaru tana nazarin wannan ɓawo a Mowab ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ta ƙiyasta cewa zarurrukan farko kan buƙaci shekaru gommai kafin su koma yadda suke, gansakuka kuwa a wasu wuraren har shekara 250. Dalilin jinkirin shi ne halittun ba sa girma sai lokacin da suke jiƙe, kuma 'yan kwanaki ne a shekara. A hamadar Mohabi ta Kalifoniya, inda Janar Patton ya buɗe sansanin horar da sojojin tankar yaƙi a 1942, Belnap da abokin aikinta sun koma bayan shekara 55 suka tarar sawun tankokin yana nan, ɓawon bai gama dawowa ba. Keke ba tanka ba ne, amma agogon warkewar ɗaya ne.

Akwai wata ƙa'ida da masu nazarin wuraren shaƙatawa suka daɗe da tabbatarwa, kuma ita ce mabuɗin tambayarka. Ɓarna ba ta ƙaruwa daidai da yawan masu wucewa. Mafi yawanta takan faru ne a wucewar farko-farko. Bayan ƙasa ta daddaɓe, tsiro ya mutu, mutum na ɗari da na dubu ba sa ƙara wani abu mai yawa. A ce ƙungiyoyi 400 ne suka shiga gasa, kowace ta zagaya sau 15, ka ga taya ta bi wuri ɗaya sau 6,000. Lissafin yana da ban tsoro, amma idan hanyar tsohuwa ce mai tauri, abin da ya same ta bai kai abin da ya sami taku biyu a gefenta ba, inda mutum goma kacal suka kauce. Hanyar keke a hamada kamar burtali take tsakanin gonaki: garken da ya tsaya cikinsa, ko shanu dubu ne, manomi ba shi da ƙara, amma saniya biyar da suka ratse sun isa a kai magana gaban mai gari.

Masu goyon bayan keke sukan kawo bincike biyu, kuma suna da hujja. A 1994 Wilson da Seney sun gwada zaizayar hanya a dajin Montana suka ga doki ya fi kowa tayar da ƙasa, keke kuwa bai bambanta sosai da mai tafiya a ƙafa ba. A 2001 Thurston da Reader sun sami kusan irin wannan sakamako a kan tsirrai a Kanada. Na yarda da su. Sai dai ka lura, duka biyun a daji mai ruwa da inuwa aka yi su, inda ciyawa kan dawo cikin damina ɗaya, kuma ba a cikin tsere aka yi ba.

Tsere yana canja halin mahayi. Mai yawo idan ya cim ma wani a siririyar hanya sai ya jira. Mai tsere ba ya jira, sai ya kauce ya wuce ta gefe, na bayansa ya ga sawu ya bi, kafin yamma hanyar da faɗinta bai fi kamu biyu ba ta ninka. A kwana mai kaifi sukan yanke ta ciki don rage daƙiƙa biyu. Kafin gangare sukan danne birki tayar baya ta ja ƙasa, ta bar kwari da tudu-tudu, masu zuwa daga baya su guje wa wurin su buɗe sabon layi. Inda akwai yashi mai zurfi ko taɓo, kowa gefe yake nema. Da dare abin ya fi muni, domin fitilar goshi ba ta nuna iyakar hanya sosai, ga gajiya. Sannan ga 'yan kallo da masu ɗaukar hoto, waɗanda ba su da hanya ko kaɗan. Duk wurin da ya fi daɗin kallo, nan za su tsaya, kuma sukan isa can ne ta kan ɓawon.

Gasar 24 Hours of Moab, tseren awa 24 dare da rana a kusa da Mowab, misali ce mai kyau. An yi ta daga 1995 zuwa 2012, duk watan Oktoba, kudu da garin, kusa da wani yanki da ake nazarin mai da shi dajin da ba a taɓawa. Zagayenta kimanin kilomita 24 ne, kuma kaso mai yawa nasa tsohuwar hanyar mota ce, wanda a ganina zaɓi ne na hankali. Amma a lokacin da take tashe mahaya sun haura dubu, kowa da iyalinsa da masu taimaka masa, sai wani gari na wucin gadi ya tashi a fili: motocin kwana, janareta, tantuna, wutar girki, ƙura ta turnuƙe. Idan za ka auna ƙasar da gasa irin wannan ta daddaɓe, filin kwana da na ajiye motoci sun fi hanyar tseren faɗi nesa ba kusa ba. Ga kuma bayan gida. A ƙasa busasshiya ƙazanta ba ta ruɓewa da wuri, abin da aka binne bana ana iya tono shi baɗi, shi ya sa yanzu ake tilasta kawo banɗakin tafi-da-gidanka, a wasu wuraren ma mutum ya fita da nasa cikin jaka ta musamman.

A 2006 ruwa mai ƙarfi ya sauka ana tsakiyar wannan gasa har aka dakatar da ita. Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi kowane sharaɗi muhimmanci. Gasa tana da rana tsayayya. Mutane sun biya kuɗi, sun yi tafiyar kwana biyu, masu tallafi sun kafa tutocinsu. Mai yawo idan ya ga hadari ya fasa, mai shirya gasa kuwa komai yana tura shi ya ci gaba. Ƙasa mai yumɓu idan ta jiƙe, taya kan yanka ta ta bar rami, rana ta gasa ramin ya zama dindindin, ruwan gaba ya bi shi. Yini ɗaya na tsere a taɓo yakan yi wa hanya abin da hawan rani na shekara bai yi ba.

To, dutsen fa? Nan maganarka ta fi ƙarfi. Hanyar Slickrock, wadda ta fitar da sunan Mowab a duniya, masu babur ne suka shata ta a 1969, tsawonta kimanin kilomita 17, kusan duka a kan falalen dutsen yashi, an ɗiga farin fenti don nuna inda za a bi. Taya ba ta yi wa irin wannan dutse komai sai baƙin zane. Da kowace gasa a kan falale ake yin ta, da rigimar ta ragu ƙwarai. Abin lura ɗaya ne: a jikin falalen akwai ƙananan kwarmi da ke tara ruwan sama. A rani za ka gan su busassu da 'yar ƙura a ciki. Cikin wannan ƙura ƙwan wasu ƙananan jatan lande ke kwance, suna iya jiran shekaru, ranar da ruwa ya cika kwarmin su ƙyanƙyashe, su girma, su yi ƙwai kafin ya ƙafe. Wanda ya bi ta ciki da keke, a jiƙe ko a bushe, ya murƙushe su.

Batun namun daji ya fi sarƙaƙiya, kuma sakamakon bincike bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. A gandun Canyonlands, binciken Papouchis da abokan aikinsa na 2001 ya nuna ragon dutse ya fi gudun mai tafiya a ƙafa: ya gudu a kashi 61 cikin ɗari na haɗuwarsa da su, kashi 17 da motoci, kashi 6 kacal da masu keke. Dalili shi ne mai keke yana kan hanya, dabba ta san inda zai bi, mai ƙafa kuwa yakan ratse ya nufo ta. A tsibirin Antelope na Yuta kuma, Taylor da Knight a 2003 sun ga ɓauna da barewa ba sa bambanta mai keke da mai ƙafa, kuma cikin tazarar mita 100 daga hanya, yiwuwar su tashi su gudu ta kai kashi 70 cikin ɗari. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan bincike shi ne kusan rabin mutanen da aka tambaya sun ce su ba sa damun dabbobin da komai. Mai keke yakan ci nisa fiye da mai ƙafa sau da yawa a yini guda, don haka dabbobin da yake tasowa sun fi yawa. Gasar kwana da yini kuma ba ta barin tazara. Idan hanyar ta ratsa kusa da mashaya ɗaya tilo a yankin, dabba za ta yi awa 24 ba ta sauko ba.

Kunkurun hamadar Mohabi shi ne ya fi shafar doka. An sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a 1990. Kusan duk rayuwarsa a rami yake yin ta, yakan fito ne a bazara da kaka, lokacin da babu zafi babu sanyi, wato daidai lokacin da ake shirya gasa. Yana ajiye ruwa a mafitsararsa don ya ci rani da shi. Idan mai kyakkyawar niyya ya ɗaga shi don ya kawar da shi daga hanya, tsoro kan sa ya zubar da ruwan, abin da ka iya zama ajalinsa. Ƙananansu ƙoƙon bayansu yana da taushi har shekaru, hankaka na fasa shi da baki, hankaki kuwa suna yawaita duk inda mutane suka bar shara da ragowar abinci. Dabbar da sai ta yi shekara goma sha kafin ta fara ƙwai ba ta iya cike irin wannan giɓi da wuri. Saboda kunkurun nan ne aka kawo ƙarshen tseren babura na Barstow zuwa Las Vegas, wanda aka fara a 1967, mahayansa suka taɓa kai wajen 3,000, aka yi na ƙarshe a 1989. Keke bai kai babur ɓarna ba ko kusa, amma wannan tarihi ne ya koya wa hukuma tambayoyin da take yi wa masu keke a yau.

A kusa da garin St. George, kudu maso yammacin Yuta, akwai wata fulawa fara da ake kira bear-poppy, wadda ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a wannan gunduma, a kan ƙasa mai jipsam. Tun 1979 take cikin jerin tsirran da ke dab da ƙarewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin keke mafi farin jini a yankin ta ratsa mazauninta, har sunanta hanyar ta ci, kuma gasar True Grit Epic ta watan Maris tana bi ta nan. An kafa shinge a sassan hanyar. A irin wannan wuri, kaucewar taku uku tana iya taɓa kaso na gaske na abin da ya rage wa duniya na wannan tsiro.

Sai baƙin ciyayi. Duk inda aka fasa ɓawo, an buɗe wa iri ƙofa, irin kuma yana zuwa a tayar mota, a taɓon da ya manne wa keke, a safa. Za ka yi mamaki idan na ce maka ɗaya daga cikin abokan gaban masu keke a yammacin Amurka tsidau ne, wannan dai da ka sani, baƙo ne a can, kuma a jikin taya yake yawo. Tsidau taya kawai yake fasawa. Masu haɗarin su ne ciyayin da ke cike tazarar da ke tsakanin itatuwa, su bushe, su zama abincin wuta. Hamadar can ba ta saba da gobara ba, domin a da babu abin da zai ɗauki wuta daga wannan itace zuwa wancan. A 2005 gobarar da irin waɗannan ciyayi suka ciyar ta cinye fili mai yawa a Mohabi, har da wani sashe na gandun Red Cliffs na kudu maso yammacin Yuta da aka keɓe wa kunkuru a 1996. A Arizona, wajen Tucson, inda ake wata babbar gasar awa 24 duk Fabrairu, ciyawar da ke addabar hamadar 'yar'uwar ƙarangiya ce da aka kai daga Afirka don kiwo. Ba masu keke ne suka kai waɗannan ciyayi ba, amma taron da ke tara motoci daga jihohi goma a fili guda hanya ce mai sauƙi ta yaɗa su.

Wataƙila abin da kake kallo Red Bull Rampage ne, wadda aka fara a 2001 kusa da ƙauyen Virgin. Ita lamarinta daban ne. Mahayanta kaɗan ne, amma babu hanya tun farko. Kowane mahayi da masu taya shi haƙa sukan yi kwanaki da shebur da diga da buhunan yashi da ruwa suna sassaƙa wa kansu layi a jikin tsauni. A nan ƙa'idar da na faɗa maka ta juya musu baya, domin kowane layi wucewar farko ce. Filin ba shi da faɗi sosai, kuma masu shiryawa sukan ce suna gyara wurin bayan an tashi. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Miliyoyin mutane sun kalla, wasu matasa sun ɗauki shebur sun nufi tsaunin bayan garinsu, ba izini, ba mai duba ko akwai ramin kunkuru ko kayan tarihin mutanen farko a wurin. Haka ma gasa ta yau da kullum: an kwashe tutoci ranar Lahadi, amma taswirar zagayen tana nan a manhajoji irin su Strava, har da yankan kwanar da wani ya yi, kuma mutane za su yi ta binta shekara da shekaru.

Duk da haka ba na goyon bayan a hana gasa gaba ɗaya, kuma ga dalilina. Mowab garin haƙar yuraniyam ne da ya durƙushe a farkon shekarun 1980, keke da yawon buɗe ido ne suka tashe shi. Ba adalci ba ne a yi maganar ɓawon ƙasa a manta da mutanen da ke cin abinci a wurin. Kuma idan ana lissafin wanda ya fasa ɓawon tudun Kolorado, kofaton shanu da tumaki tun ƙarni na 19, da hanyoyin masu neman ma'adinai, da motocin daji, duk suna gaban keke da nisa. Binciken Thomas Painter da abokan aikinsa na 2010 ya nuna ƙurar da ke tashi daga wannan yanki tana sauka a kan dusar ƙanƙarar tsaunuka, ta sa ta narke kusan mako uku kafin lokaci, ta rage ruwan Kogin Kolorado da kimanin kashi 5 cikin ɗari, kogin da mutum wajen miliyan 40 ke dogaro da shi. Rabon keke a wannan ƙura ɗan kaɗan ne. Na kawo shi ne don ka ga inda fasasshen ɓawo yake ƙarewa.

Akwai kuma shaida cewa tsari yana aiki. Yankin Sand Flats, inda Slickrock take, ya lalace matuƙa a farkon shekarun 1990, har aka yi tarzomar masu hutu a 1993. A 1995 gundumar Grand, inda Mowab yake, da BLM suka haɗa hannu, suka sa kuɗin shiga, suka keɓe wuraren kwana, suka kafa banɗakuna da shinge. Baƙi ba su ragu ba, amma an tattara sawunsu wuri guda. Ƙungiyoyin masu keke da kansu suna cikin masu gyaran hanya da toshe ɓarauniyar hanya, kuma wanda aka kora daga fili ba ya fitowa aikin gayya dominsa.

Wuraren da doka ta ayyana a matsayin dajin da ba a taɓawa, bisa dokar 1964, keke ba ya shiga su ko kaɗan, don haka ba a nan gardamar take ba. A sauran filayen, idan aka miƙo mini takardar izini in duba, ba yawan mahaya nake fara nema ba. Ina fara duba ko zagayen duka a kan hanyar da take akwai ne ko falale. Sai filin kwana da na motoci: shin wuri ne da ya riga ya daddaɓe, an kuma kewaye shi da igiya, ko kuwa an bar shi yana faɗaɗa kowace shekara? Sai in nemi sharaɗin ruwa, in ga ko an rubuta ƙarara wanda ke da ikon dakatar da tsere, domin idan aka bar wa mai shiryawa shi kaɗai, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ina son a saki mahaya rukuni-rukuni, a fara tseren a hanya mai faɗi don a rarrabu kafin a shiga siririya, a kuma kori duk wanda ya yanke kwana. A yankin kunkuru, masani ya bi hanyar kafin a fara, ranar ma a matsar da ita daga lokacin fitowarsa da lokacin haihuwar ragon dutse. A wanke kekuna da motoci kafin shiga.

Sharaɗin da aka fi sakaci da shi shi ne na bayan taro. Akan zagaya washegari a ga babu leda babu kwalba, a sa hannu, a mayar wa mai shiryawa kuɗin ajiyarsa. Amma faɗaɗar hanya ba ta bayyana sai an auna faɗinta a wurare tsayayyu kafin gasa da bayanta, an ɗauki hoto daga wuri guda kowace shekara. Baƙuwar ciyawa kuwa ba ta tsirowa sai bayan ruwa, wani lokaci sai a shekara ta biyu. A ganina ya kamata a riƙe wani kaso na kuɗin ajiyar har bazara biyu su wuce, kuma sabunta izinin baɗi ya rataya a kan abin da awon ya nuna.